Ƙusar da ke Bango

Ni ne falanto, ni ke ɗaukar dosiye
daga hawa na ɗaya zuwa hawa na uku,
shekara talatin da ɗaya, gwiwata ce shaida.
Yau Nomau Abarshi ya kwashe kayansa.
Kwali biyu kacal. Ni na sauko da su.

Ɗan Illela ne, ɗan manomin albasa.
Lakwal ta kai shi Yamai, Yamai ta kai shi Jamus,
ya karanto shari'a cikin sanyin da ya ce
yakan daskarar da sallama a bakin mutum.
Ya dawo da agogo marar uzuri
da wani kwat mai nauyin damin gero,
ya rataye shi bayan ƙofa, bai sake sawa ba.
Ni ke korar asu daga aljihunsa.

Bakwai da rabi yana bisa kujera.
Ladan kan makara, shi bai makara.
Jan alƙalami a hannu, tabarau a karan hanci,
waƙafi guda ya taɓa hana mu cin abincin rana.
"Gado," ya ce, "wannan ɗigon in ya gusa,
rijiya goma sun tashi daga Abalak
sun faɗa aljihun wani."
Na ce to. Karatuna bai yi nisa ba,
amma na san ƙishirwa.

Minista goma sha huɗu na ƙirga.
Wasu da babbar riga, wasu da kaki,
wani bai gama sanin sunayenmu ba
rediyo ta sallame shi da la'asar.
A sauke hoto, a ɗora hoto,
ƙusar dai ita ce, ba ta taɓa motsi ba.
Shi ke rubutawa, su ke sa hannu,
shi ke daka, su ke shan gari,
sunansa bai taɓa hawa kan doka ba.

Wata shekara takarda ta zo kan filin bakin kogi,
lambunan mutane, da ambulan mai ƙiba a ƙarƙashi.
Ni na kawo. Ni na mayar.
Kafin Juma'a an kai shi ɗakin tsoffin takardu,
ba fanka, ba taga, sai gara da shi.
Shekara uku. Bai kai kuka gidan kowa ba.
Ya jera takardun nan shekara bi shekara
har gara ta rasa masauki.
Ranar da yarjejeniya ta sarƙe musu kamar zaren saƙa,
da ƙafarsu suka sauko neman bakin zaren.

Kada ku ce waliyyi nake ba ku labari.
Mutum ne mai tsami, dariyarsa sai an yi rance.
Ran da Salmu ta haihu na makara minti ashirin,
ya rubuta ni, aka yanke mini jaka guda.
Na yi kwana shida ban dubi idonsa ba.
Daren suna sai ga shi Talaje, cikin taɓo,
yana jan rago da igiya, takalmi a hannu.
Jakar nan kuwa har yau bai mayar ba.

Ɗazu an yi walima, lemo da biskit.
Minista ya karanta jawabi, na farko
da bai bi ta ƙarƙashin jan alƙalami ba,
ya kira shi Abarshi Nomau, sau biyu.
Na ga yatsunsa suna laluben aljihu.

A bakin ƙofa ya miƙo mini kwat ɗin.
Na ce, "Ranka ya daɗe, a zafin Yamai?"
Ya ce, "A Tawa ma ba sanyin ya fi ba.
Ka saba da shi."

Motar asuba zai bi.
Sabon da aka kawo ya riga ya tambaye ni
wa ke gyaran na'urar sanyi.
Na kai kwat gida, na nemi ƙusa, na kafa.
Salmu ta ce me za mu yi da shi.
Na ce ki tashe ni da wuri.